Fuskar Alhaji a Cikin Ƙanƙara

Ƙanƙarar da na sani daga bututu take fitowa a jikin rufi, kuma akwai ma'aikacin da ke kunna ta ya kashe idan lokacin tashi ya yi. A cikin wani katafaren kanti take a Dubai, inda na yi shekaru ina ɗaukar mutane hoto. A waje rana tana gasa mutum kamar masara, amma da ka tura ƙofa biyu ka shiga sai ka tsinci kanka a cikin firji, kai da itatuwan roba da 'yan yawon buɗe ido masu ihun murna don sun biya an daskarar da su.

Idan Disamba ta kama sai a ƙara mana da daren ƙarya. Tun da hantsi a rage fitilun sama, a nannaɗe itatuwan nan da ƙananan fitilu ja da kore da ruwan zinariya, a saki waƙar Kirsimeti guda tana ta juyawa har ka tsane ta, ko da kuwa a coci aka raine ka kamar ni. Sai a ce wa baƙi ga daren hunturu irin na Turai. Mu masu hoto kowa yana da kusurwarsa. Tawa ita ce gindin babban itacen, kusa da wani ɗan gidan katako wanda babu komai a cikinsa sai wayoyin lantarki.

Sanyi yana shanye batir kafin ka ce me, don haka a hammata muke ɓoye na canji. Safar hannun dama sai mun yanke mata kan yatsa guda, tunda ba a danna kyamara da safa, kuma har yau wannan yatsan shi ke fara sanar da ni idan an kunna sanyi a mota. In za ka fita shan shayi dole ka ɗaure kyamarar a leda, in ba haka ba gilashin ya yi gumi, ka yi ta zaman jiran ya bushe. Hanci na yoyo, baki na murmushi, haka ake yini.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne salatif. Kowace kyamara tana da ɗan abin murzawa da ake ƙara haske da shi ko a rage. Kamfanin ya saita shi a wuri ɗaya ya liƙe da baƙin salatif, don kada wani mai hoto ya ce zai nuna iyawarsa. An saita shi ne yadda ƙanƙara za ta fito fes, kowace fitila da launinta. In Bature ko Balarabe ya tsaya a gaban itacen, hoton sai ka ce katin gaisuwa. In baƙin mutum ne kuwa, sai ka ga hula da riga da haƙora, a tsakaninsu duhu. Na taɓa yi wa manajanmu magana, wani siririn mutum mai yawan turare wanda ba ya shiga sanyin sai ta kama dole. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Habibi, ƙanƙara suka zo saye. Kada ka taɓa salatif, khalas, magana ta ƙare.” A lokacin an daina ba 'yan ƙasarmu sabuwar biza, duk wanda aikinsa ya kuɓuce sai gida. Na haɗiye maganata, na ci gaba da ɗaukar 'yan uwana baƙaƙe hoton hula da haƙora.

Ga shi ni ɗan mai hoto ne. Tun kafin a haife ni Baba yake da shagon hoto a garinmu, can kudancin Kaduna, daura da coci. Ranar Kirsimeti da an tashi daga sujada, gida-gida ake zuwa cikin anko a yi layi a ƙofarsa har rana ta yi sanyi. Ba shi da manyan fitilu. Farin tiren Mama yake sa a riƙe a ƙasan haɓar mutum don hasken rana ya dawo kan fuska, kuma Mama ta yi ta mita duk shekara cewa an kwashe mata tire ranar da take da baƙi. A wajensa na koyi aikin. Ya kan ce fuska ake ɗauka, sauran duk rakiya suka yi. Jarrabawarsa kuma ɗaya ce: baƙar amarya cikin farar riga da tsakar rana. Wanda ya fitar da fuskarta ya ci, wanda ya fitar da rigar kawai ya je ya nemi aikin tela. A ƙofar shagon akwai akwatin gilashi da yake jera hotunan da yake alfahari da su. Mutum ne mai taurin kai da tsadar yabo, ban taɓa jin ya ce aikina ya yi kyau ba, sai dai in wayi gari in ga hotona a cikin akwatin.

A farkon wata Disamba ya kira ni. Baba ba ya kira sai da dalili, don haka na sauko daga gadon sama a ɗakinmu na Al Muraqqabat, na fita baranda inda 'yan ɗakin suke shanya.

Ya ce, “Likita ya ce idona ya fara tafiya. Ni ban yarda ba.”

Na ce, “Baba, to ai sai a bi maganar likita.”

“Kai, saurara. Yaran nan na yanzu suna kawo mini hotunansu in duba, ba na ganin komai a ciki. Ban sani ba ko idona ne ko hannunsu ne. Naka hannun na sani, ni na gyara shi. Ka aiko mini hoto guda na takarda, ba na waya ba, baƙin mutum a cikin ƙanƙarar nan taku. In na ga fuskar, zan buɗe shago ranar Kirsimeti kamar kullum. In ban gani ba, to na san inda na tsaya. Ba zan ɓata wa mutane hoton shekara ba.”

Na ce to. Me zan ce? Ban taɓa gaya masa zancen salatif ba, don kunya ba za ta bar ni in ce wa mutumin nan ɗansa yana Dubai yana danna kyamara kamar mai buga tambari ba. Kuma na san shagon nan shi ne ke tashin sa da safe.

Matsalar ita ce ma'aikaci ba ya fita da hoto ko guda. Mu namu dannawa ne. Hoton yana tafiya kwamfutar da ke kan kantar sayarwa a waje, baƙo ya fita ya zaɓa, a wanke masa a sa a kwali mai ƙyalƙyali, abin da ba a saya ba kuma a goge shi da an tashi. Dole in sami baƙin mutum da zai shigo a matsayin baƙo, ya sayi hoton, ya kai shi gida. Mutum ɗaya ne ya faɗo mini, wani Alhaji ɗan kasuwa daga Kano mai sayen abayoyi da turare, wanda ke riƙe mini saƙo idan zai koma. Daga Kano yake ba direban tasha, direba ya sauke a garinmu. Baƙi ne wuluk, mai fara'a, kuma ban taɓa ganin sa da wani kaya ba sai farar shadda.

Na same shi a ɗan otal ɗinsa na Al Buteen, zaune a tsakiyar kwalaye yana faɗa a waya da mutumin kago mai yi masa jigilar kaya. Da ya gama na gaishe shi na faɗi buƙatata.

Ya kwashe da dariya. “Mai hoto, ni za ka kai firji? Ni da ko ruwan sanyi ba na sha?”

“Alhaji, don Allah. Tsohona ne ya roƙa.”

“A'a, in maganar tsoho ce ai khalas. Jibi da yamma jirgina, sai in biyo kafin in wuce filin jirgi. Dama yaran gida sun dame ni wai kullum Dubai, Dubai, ba su taɓa ganin komai ba sai kwali.”

Na gaya masa ya sayi kwafi biyu, ɗaya nasa ɗaya na Baba. Ban tsaya yi masa dogon bayani ba. A ganina ko makaho aka nuna wa hoto mai fuska da marar fuska ai ya san na ɗauka.

Ya zo kuwa. Aka ba shi rigar sanyi da takalma irin na kowa, ya sa takalman, amma da ya iso gindin itacen sai ya tuɓe rigar ya miƙo mini, wai ba zai yi hoto kamar ɗan acaɓa ba. Ya tsaya cikin farar shaddarsa da hula, ƙanƙara na zubo masa a kafaɗa, fitilu na walƙiya a bayansa, yana rawar sanyi yana cewa, “Yalla, yalla, yi sauri mai hoto, za ka kashe ni!” Baƙar amaryar Baba ce sak ta tsaya a gabana, sai dai wannan da gemu.

Na fara danna guda yadda aka saba, don kada ɗan uwan aikina da ke can gefe ya lura da wani abu. Sannan na juya baya, na sa farce na ɓamɓare salatif ɗin, na murza. Babu tiren Mama, amma ƙasa duk fara ce, sai na ce wa Alhaji ya ɗan sunkuyar da kai kamar mai gaida babba, hasken ƙasan ya hau fuskarsa. Na danna. Na duba bayan kyamarar. Ga Alhaji nan ɗungurungum: tsagen da ke gefen kuncinsa, furfurar da ke cikin gemunsa, ƙwayar ƙanƙara guda a kan girarsa, da idon nan nasa na mai shirin yi maka tsiya. Bayansa kuwa ya wanke fari tas, fitilun sun zama ɗige-ɗigen launi, itacen ma da ƙyar za ka gane shi. Tunda na zo ƙasar ban yi aikin da ya kai wannan ba. Na tsaya ina kallo har Alhaji ya fizge rigarsa ya yi hanyar ƙofa yana salati.

Abin da ban sani ba shi ne salatif ba ya sake kamawa a cikin sanyi. Na danna, na hura masa iska, na sa shi a hammata, ya ƙi. Da aka tashi muka mayar da kyamarori, manaja ya ɗaga tawa salatif na reto. Bai yi faɗa ba, irinsu ba sa faɗa. Washegari na tarar an mayar da ni wajen ba da takalma da safa a bakin ƙofa, inda zan yini ina tambayar mutane lambar ƙafarsu. Wallahi ban damu ba. Ina jera takalma ina murmushi ni kaɗai, ina lissafa inda hoton ya kai: yanzu yana Kano, yanzu yana tasha, yanzu Baba ya sa tabarau ya fito da shi hasken rana.

Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti Baba ya kira. Muryarsa a kwance, kuma na fi tsoron wannan muryar a kan faɗansa.

Ya ce, “Saƙo ya iso. Na gode. Na ga ƙanƙarar, na ga fitilun, har na ƙirga launinsu. Na ga rigar mutumin da hularsa. Fuskar ce ban gani ba. Na fita da shi rana, na sa tabarau, na cire, na sa madubin duba fim. Duhu kawai.”

Na ce, “Baba, ba zai yiwu ba. Akwai tsage a kuncinsa, akwai furfura a gemunsa.”

Ya ce, “To ka ji. Har da tsage.” Ya kashe wayar.

Nan take na kira Alhaji a Kano. Ya ɗauka cikin hayaniyar kasuwa, yana ta murna.

“Mai hoto! Kai, hoton nan ya yi farin jini. Na sa a shago, kowa sai ya tsaya.”

“Alhaji, wanne ka zaɓa? Ai biyu ne.”

“Eh, yarinyar kantar ta nuna mini biyu. Ɗayan ai ka ɓata shi, habibi, babu ƙanƙara babu fitila, sai ƙaton kaina kamar hoton fasfo. Na ce mata wannan a bar shi. Ni da kowa ya san fuskata a Kano, me zan yi da ita? Ƙanƙarar nake so a gani.”

Na yi masa sallama na kashe wayar. Mutumin nan ya shiga firji saboda tsohona, ya ɗauki saƙo bai karɓi komai ba, da wane baki zan zage shi? Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganarsa da ta manaja ɗaya ce, kuma daga bakin baƙin mutum ɗan uwana ta fito. Hoton kirkin kuwa an goge shi tun daren da aka ɗauke shi, tare da sauran waɗanda ba a saya ba.

Na sake kiran Baba. A ranar na zazzage masa komai: salatif, manaja, hotuna biyu, zaɓin Alhaji, har da takalman da nake rabawa. Na ce masa hoton da ke hannunsa babu fuska a cikinsa, ko yaro mai ido garau ba zai gan ta ba. Ya bar ni na gama.

Ya ce, “Mamarka ma haka ta ce. Ƙanwarka ma haka. Kun haɗa baki kuna lallashina kamar ƙaramin yaro.”

“Baba, na rantse maka.”

“Kada ka rantse a kan ƙarya don ka faranta mini. Da bakinka ka ce akwai tsage. Kuma wace kyamara ce ake liƙe wa baki da salatif, in ba tatsuniya ba? Ɗan da na koya wa aiki ba zai ɗauki mutum babu fuska ba. Ko barci kake yi ba za ka yi ba.”

Yabon da na jira tun ina saurayi ke nan, kuma a ranar ya zo. Na tsaya a barandar nan tsakanin wandunan mutane ina kuka kamar wawa.

Bai buɗe shago ranar Kirsimeti ba. Ƙanwata ta ce masu anko sun zo sun tarar da kwaɗo, suka tsaya a ƙofar suka ɗauki juna da waya suka watse. Shi kuma yana ɗaki da rediyo. Kafin Ista ya naɗe kyamararsa a tawul ya sa a ƙasan akwati. Na yi ta neman hanyar aika wani hoton, amma ni da kyamara sai kallo daga nesa, ina bakin ƙofa da takalma. Da na samu wani abokin ɗaki ya ɗauke ni da aron kyamara a bakin ruwa na aika, Baba ya ƙi buɗe ambulan, ya ce ya riga ya yi gwajinsa, ba ya son a mayar da shi abin tausayi. Mutumin da ke tashi da asuba ya share ƙofar shago ya koma zaman kujera. Daga baya idon ya tafi da gaske, kamar yadda likita ya faɗa, amma na san akwai shekarun da suka rage masa a lokacin, kuma a kujera ya cinye su.

Har yau idan na ga fitilun Kirsimeti a titi raina ɓaci yake yi. Na rasa wanda zan ɗora wa laifi. Manaja yana bin abin da ke sayuwa, Alhaji ya zaɓi abin da yake so da kuɗinsa, Baba ya yarda da ɗansa. Kowa yana da gaskiyarsa, ni ne dai na rasa inda zan kai tawa.

Da na samu hutu na je gida, na tarar an ciro akwatin gilashin daga ƙofar shago an kafa shi a falo. An kwashe duk tsofaffin hotunan, amaren da jariran da 'yan ƙungiyar mawaƙa, an bar guda ɗaya a tsakiya cikin kwalinsa mai ƙyalƙyali: itace, fitilu, ƙanƙara fes, farar shadda, hula, da baƙin rami a tsakani. Ina zaune sai ga wani dattijon coci ya shigo gaishe shi. Baba ya kama hannunsa ya ja shi gaban akwatin, ya lalubi gilashin da yatsa.

Ya ce, “Aikin ɗana ne, daga Dubai. Baƙin mutum cikin farar riga a cikin ƙanƙara, ka san ba ƙaramin abu ba ne. Ni idona bai kai ba. Dubi fuskar nan ka gaya mini. An ce har tsagensa ya fito.”

Dattijon ya sunkuya ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Ya ɗago ya kalle ni, ya kalli Mama da ke tsaye a ƙofar kicin da tirenta a hannu, sannan ya kalli tsohon da ke jiran amsa.

Ya ce, “Ai kuwa, Baba, ta fito ras.”

Baba ya juyo inda yake zaton ina zaune, ya ce, “Ka ji ko?”